Me ya sa mai ciwon ƙaramar ƙwaƙwalwa yake tangaɗi alhali ƙarfinsa na nan?

Ɗalibar Likitanci
Assalamu alaikum malamaina. Akwai abin da ya ɗaure mini kai game da serebelum, wato ƙaramar ƙwaƙwalwar nan da ke can wajen ƙeya. Ana cewa ita ke kula da motsi. To in haka ne, me ya sa in ta lalace mutum ba ya shanyewa? Ƙarfin hannu da ƙafa na nan daram, amma ya kasa kai cokali baki. Na biyu, me ya sa ciwon da ke ɓarinta na dama yake bayyana a ɓarin dama na jiki, alhali a babbar ƙwaƙwalwa akasin haka ne? Don Allah a warware mini dalla-dalla.

Malamin Anatomi
Wa alaikumus salam. 'Yata, wannan "kula da motsi" ɗin ce ta rikita ki. Umarnin motsi daga babbar ƙwaƙwalwa yake tasowa, ya sauko ta laka, ya isa tsoka. Ƙaramar ba ta da wata hanya tata da take taɓa tsoka kai tsaye. Aikinta saiti ne: wace tsoka za ta fara, da wane ƙarfi, wace ce za ta tare ta, kuma a wane lokaci. In ta lalace ƙarfi na nan, saitin ne ya tafi.

Tana zaune a ramin baya na ƙoƙon kai, bayan kututturen ƙwaƙwalwa, wato sashen da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka, ƙarƙashin wani tantani mai kauri da ya raba ta da babbar. Ki riƙe matsatsin wurin nan a ranki, don za a dawo kansa. Nauyinta a baligi wajen giram 150 ne, kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Amma a ƙirgen da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka fitar a 2009, cikin ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wajen biliyan 69 a cikin wannan 'yar ƙaramar suke. Tana da ɓari biyu, da wani siririn yanki a tsakiya da ake kira bamis, daga kalmar tsutsa a harshen Latin. Igiyoyin jijiya uku ne a kowane gefe suka ɗaure ta da kututture. Ta tsakiya ta fi kauri, ita ke kawo mata kwafin abin da babbar ƙwaƙwalwa take shirin yi. Ta ƙasa na kawo labari daga laka da cikin kunne, wato inda gaɓoɓi suke da yadda kai ya karkata. Ta sama kuma yawanci ta nan amsarta ke fita.

Tambayarki ta biyu: saƙon da ya fito daga ɓarinta na dama yana tsallakawa zuwa hagun babbar ƙwaƙwalwa. Hagun babbar kuma da ya aiko umarni, zaruruwan sukan sake tsallakawa a gindin kututture su koma daman jiki. Tsallake biyu ya mayar da ke gefen da kika taso.

Likitan Jijiya
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Bari in kawo maganar kusa da ido. Ki sa kofi a gabanki, ki miƙa hannu da sauri ki ɗauka. A wannan miƙawar da ba ta kai sakan ɗaya ba, tsokoki sun yi aiki kashi uku. Tsokar da ke tura hannu ta yunƙura. Kafin hannu ya isa, kishiyarta ta taka birki. Sannan ta farkon ta ɗan sake taɓawa don hannu ya tsaya cak. Birkin nan dole ya zo tun hannu yana hanya. Ba zai yiwu a jira ido ya ga an iso ba, domin abin da ido ya gani yakan ci fiye da kashi ɗaya cikin goma na sakan kafin ya zama gyara a tsoka, a lokacin hannu ya riga ya wuce. Don haka ƙaramar ƙwaƙwalwa hasashe take yi. Tana da kwafin umarnin, ta san nauyin hannu da saurinsa, sai ta lissafa inda zai kasance nan gaba kaɗan ta sa birki a kan kari.

In ta lalace birki yakan makara. Hannu ya zarce kofin, ido ya gani, a dawo da shi, ya sake zarcewa ta ɗaya gefen. Wannan kai-komon shi ne karkarwar da take ƙaruwa yayin da yatsa ke kusantar abin da ake nufi, in hannu na ajiye a cinya kuma babu ita. A cutar Parkinson karkarwar ta fi fitowa ne in hannu yana hutawa, ta ragu in an miƙa shi. Sunan da aka ba wannan rashin saiti gaba ɗayansa shi ne ataksiya.

An daɗe da gane haka. Tun 1824 Flourens a Faransa ya riƙa cire wannan sashe a jikin tattabaru, ya ga suna iya motsa fukafukai da ƙafafu amma motsin ba tsari. Gordon Holmes kuma ya duba sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da harsashi ya samu a ƙeya, ya buga bayaninsa a 1917, kuma yawancin alamomin da ake nema a gadon asibiti har yau daga irin wannan lura suka fito.

Ɗalibar Likitanci
Na gode Dakta, wannan ya zauna. Amma hasashen ta ina take samo shi? Jariri ai ba da saiti aka haife shi ba.

Malamin Anatomi
Koya take yi, daga kuskure. Ɓawonta hawa uku ne, kuma a hawan tsakiya akwai jerin manyan ƙwayoyi da Jan Purkinje ya bayyana a 1837, har suka ɗauki sunansa. Su kaɗai ne ƙofar fita daga ɓawon, kuma aikinsu dannewa ne: suna danne curarrun ƙwayoyi huɗu da ke binne a cikin kowane ɓari, waɗanda babbansu shi ne dentet. Kowace ƙwayar Purkinje tana karɓar saƙo iri biyu. Na farko daga ƙananan zaruruwa fiye da 100,000 masu ratsa rassanta, suna kawo labarin halin da jiki ke ciki. Na biyu daga zare guda tak, wanda yake hawowa daga wani curi a kututture da ake kira zaitun na ƙasa, ya nannaɗe ta. Wannan zaren ba ya yawan magana, wajen sau ɗaya a sakan, amma in ya buga sai ƙwayar ta amsa da ƙarfi. David Marr a 1969 ya kawo ra'ayin cewa zaren nan shi ne mai koyarwa, James Albus kuma a 1971 ya ce shi ne mai cewa "an yi kuskure", sai a sauya ƙarfin mahaɗan da suka yi aiki a wannan lokacin. Masao Ito a Japan ya nuna a 1982 cewa lallai mahaɗan sukan raunana in saƙonnin biyu suka zo tare.

Likitan Jijiya
Malam, da izininka zan ɗan ja birki a nan. Raunanar mahaɗan gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ce hanyar koyon ba. An samu sauye-sauye a wasu mahaɗan, har da cikin curarrun ƙwayoyin nan na ciki, kuma masana na ta kai ruwa rana a kan rabon aikin. Abin da ba gardama a kansa shi ne abin da ake gani a jikin mutum. A sa wa lafiyayye tabarau mai karkatar da gani zuwa gefe, a ce ya jefi alama a bango. Jifan farko zai kauce, bayan 'yan jifa sai ya dawo kan alama. A cire tabarau, sai ya kauce ta ɗaya gefen na ɗan lokaci, shaidar cewa ƙwaƙwalwa ta sake saiti. Mai lalatacciyar ƙaramar ƙwaƙwalwa zai yi ta kaucewa gefe guda, in an cire tabarau kuma babu wannan kaucewar ta baya, domin bai koyi komai ba.

Malamin Anatomi
Na karɓi gyara, Dakta. Haka yake.

Nas ta Sashen Gaggawa
Malamai, a sauko da mu ƙasa. A gaban mara lafiya me za a duba cikin minti biyar? Abin da aka saba shi ne a ce ya haɗa ƙafafu ya rufe ido, in ya yi tangal-tangal a rubuta cewa ƙaramar ƙwaƙwalwa ce.

Likitan Jijiya
Sista, wannan gwajin Romberg ne, kuma ba na ƙaramar ƙwaƙwalwa ba ne, duk da yawan masu ɗaukarsa haka. Mutumin da ya tsaya daidai ido buɗe, ya rufe ido ya tafi luu, matsalarsa jin inda ƙafafunsa suke ne, wato jijiyoyin ƙafa ko bayan laka, kamar a ciwon suga ko ƙarancin bitamin B12, ko kuma cikin kunne. Ido ne yake rufa masa asiri. Mai ciwon ƙaramar ƙwaƙwalwa tun ido buɗe yake layi.

Ga yadda ake bi. A fara da sauraren maganarsa: harshe ya yi nauyi, yana yanka kalma gaɓa-gaɓa, murya ta yi sama ta yi ƙasa ba dalili. Sai ido: ya bi yatsanki dama da hagu, sama da ƙasa, kai a tsaye. Ki duba ko ƙwayar ido tana zamewa tana fizgowa. Kada ki kai yatsa can ƙarshen gefe, don a can ko lafiyayye idonsa kan ɗan yi rawa. Sai yatsa da hanci: ya taɓa hancinsa da manuniya, ya taɓa yatsanki, ya koma. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa yatsa kusa da shi. Ki nisanta har sai ya miƙe hannu gaba ɗaya, domin a ƙarshen miƙawa karkarwar take fitowa, kuma ki riƙa sauya wurin yatsan. Sai ya riƙa buga tafin hannu da bayan hannu a kan cinya da sauri, bi da bi. Likitan jijiya Babinski ne ya bayyana gazawar wannan a 1902, kuma kunne ya fi ido kama ta: bugun ba ya tafiya a kan kari ɗaya. Sai yana kwance ya ɗaga ƙafa ya sa diddige a gwiwar ɗaya ƙafar, ya gangara da shi bisa ƙwauri har idon sawu.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka: a zaunar da shi ba jingina, a tsayar da shi, a sa ya taka. Zai buɗa ƙafafu, takun ba daidai ba, juyawa ta fi ba shi wuya. In da dama ya yi taku goma yana sa diddige a gaban yatsun ɗaya ƙafar. Ciwon da ke bamis kan bar hannu da ƙafa lafiya lau a gwajin kwance, sai an tashe shi a ga gangar jiki ba ta tsayuwa. Ciwon gefe shi ke ɓata hannu da ƙafa na wannan gefen. Na can ƙasa, mai hulɗa da cikin kunne, jiri da rawar ido yake kawowa. Duk wanda aka duba a kwance kawai aka sallama, ba a gama duba shi ba.

Nas ta Sashen Gaggawa
To wannan na ƙarshen shi ne damuwata. Mutum ya zo da jiri da amai, ana tashinsa yana faɗuwa. Yawanci allurar tsayar da amai ake yi, a ce kunne ne ko gajiya.

Likitan Jijiya
A nan gizo ke saƙa, kuma sunan da muke kiran cutar ma yana taimakawa wajen ɓatar da mutane. Mun saba cewa "shanyewar ɓarin jiki". To ga bugun jini a ƙwaƙwalwa, wato toshewa ko fashewar jijiyar jini, wanda babu ɓarin da ya shanye. Baki bai karkace ba, ya matse miki hannu da ƙarfi, sai kowa ya saki jiki. Wasu ma su ɗauka buguwa ce.

Jijiyoyin jini uku ne a kowane gefe suke ciyar da ita. In ta ƙasa ta baya ta toshe, jiri da amai da ciwon ƙeya ne kan gaba, in ta haɗa da gefen kututture kuma a samu dashewar murya, ƙwarewa wajen haɗiya, shaƙuwa mai naci, da fatar ido ɗaya ta ɗan sauko. In ta ƙasa ta gaba ce, kunne ɗaya kan toshe farat ɗaya, fuska ta saki. In ta sama ce, hannu da ƙafa da magana suka fi ɓaci. Toshewar nan wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ce ta dukkan bugun jini na toshewa, amma haɗarinta ya fi yawanta. Ku tuna matsatsin wurin da Malam ya ambata. Naman da ya mutu yakan kumbura, kumburin ya fi tsanani tsakanin kwana na 2 da na 4. Ba inda zai faɗaɗa, sai ya toshe mashigar ruwan ƙwaƙwalwa ruwa ya taru a sama, ko ya danne kututture inda cibiyar numfashi take. Mutumin da ke hira jiya sai a ga yau barci na ta ɗibarsa. Wannan barcin ba sauƙi ba ne, alamar a kira likitan tiyata ce nan take, a sa bututun zuƙe ruwa ko a buɗe ƙashin ƙeya. In fashewar jijiya ce, wadda hawan jini ya fi jawowa, gudan jinin da ya wuce santimita 3, ko ya danne kututture, ko ya tare ruwa, cirewa ake yi.

Abin da ke raba shi da jirin kunne: mai ciwon kunne duk da wahala yana iya zama, yana iya takawa yana karkata gefe guda. Wanda ya kasa zama ko tsayuwa sai an riƙe shi, a ɗauke shi a matsayin ƙwaƙwalwa har sai an tabbatar ba ita ba ce. Rawar idon da ke sauya alkibla in ya kalli dama da in ya kalli hagu, ko mai bugawa sama da ƙasa, ta ƙwaƙwalwa ce. Haka gani biyu-biyu, nauyin harshe, sabon ciwon kai mai tsanani. A matashi mai ciwon wuya bayan rauni ko murɗa wuya, a tuna da tsagewar bangon jijiyar jinin da ke bi ta ƙashin wuya. Maganin narkar da gudan jini kuma cikin awa 4 da rabi ake ba da shi, don haka a rubuta lokacin da aka ga mutum lafiya na ƙarshe.

Nas ta Sashen Gaggawa
In an yi hoton CT ya fito ba komai fa, Dakta? Ai shi ke nan ko?

Likitan Jijiya
A'a Sista, tsugune ba ta ƙare ba. CT na kama zubar jini da kyau, amma toshewa a ramin baya yakan kuɓuce masa a ranar farko, saboda kaurin ƙashin wurin yana ɓata hoton. Hoton MRI ya fi shi nesa ba kusa ba, amma shi ma ƙaramar toshewa kan ɓuya masa a kwana ɗaya ko biyu na farko. In alamomi sun nuna ƙwaƙwalwa, a kwantar, a riƙa duba farkawarsa akai-akai, a maimaita hoto. Kada a ba shi komai ta baki sai an gwada haɗiyarsa.

Mai Harhaɗa Magunguna
Ranku ya daɗe, kafin a tafi hoto a tambayi abin da mutum yake sha, don wannan ne sanadin da ya fi saurin gyaruwa. Ƙwayoyin Purkinje ba sa jure guba. Fenitoyin na masu farfaɗiya shi ne kan gaba. Ana son ya zauna tsakanin maikirogiram 10 zuwa 20 a kowace mililita ta jini. Ya haura 20 ido ya fara rawa, ya haura 30 tafiya ta lalace, ya haura 40 mutum ya fara rikicewa da barci. Tarkonsa shi ne hanta tana da iyakar abin da take iya sarrafawa, in an kai iyakar, ƙari kaɗan sai ya ninka abin da ke cikin jini. Shekara da shekaru a kan hakan kan sa ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙanƙance har abada. Amma kada mai shansa ya yanke shi da kansa, farfaɗiya mai tsanani za ta biyo baya. A auna jini, likita ya rage. Kabamazefin, shi ma maganin farfaɗiya, yana sa tangaɗi da gani biyu-biyu. Litiyam na masu taɓin hankali kan taru in mutum ya bushe da gudawa ko zazzaɓi, ko ya haɗa shi da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen, kuma ɓarnarsa kan zauna ko bayan an daina. Metronidazol in an daɗe ana sha, amiyodaron na zuciya, da wasu magungunan sankara duk suna cikin jerin.

Giya kuwa fuska biyu ce. Buguwar lokaci ɗaya tana dagula aikin ne ya dawo. Shan shekaru yana cinye saman bamis ta gaba, shi ya sa tafiya ke lalacewa hannu da magana ba su taɓu sosai ba.

Likitar Yara
Malam, wannan na giyar yana warwarewa in an daina? An fi cewa ba ya dawowa.

Mai Harhaɗa Magunguna
Hajiya, ƙwayar da ta mutu ba ta dawowa, amma wanda ya daina ya gyara cin abincinsa ɓarnar kan tsaya, tsayuwarsa ma kan ɗan inganta. Wani kaso na ɓarnar daga ƙarancin bitamin B1 ne. In aka ga tangaɗi tare da rikicewa ko matsalar motsin ido, kada a jira alamomin su cika uku, a ba da B1 ta jijiya, miligiram 200 zuwa 500 sau uku a rana gwargwadon ƙa'idar asibitin, kafin ruwan suga ko tare da shi. Ba mashaya kaɗai ba, mai cikin da amai ya hana ta cin abinci makonni ma tana cikin wannan haɗari.

Likitar Yara
Na gode. A yara lissafin daban ne. Abin da ya fi yawa shi ne yaro ɗan ƙasa da shekara 6 ya tashi da safe yana tangaɗi ko ya ƙi takawa, mako 1 zuwa 3 bayan ƙarambau ko wani zazzaɓin ƙwayar cuta. Garkuwar jiki ce ta taɓa wurin. Yaron idonsa biyu, yana wasa, ciwon ya fi tsanani a ranar farko ko ta biyu, yawanci ya warke sarai cikin makonni. Na biyu a yawa shi ne yaro ya haɗiyi maganin manya, don haka a tambayi abin da ke ajiye a ɗaki.

Wanda ba a yi masa jinkiri shi ne mai zuwa a hankali: makonni ana ciwon kai da asuba, amai da safe ba tare da gudawa ba, karkatar da kai gefe, sabon harara-garke, rubutu ya lalace, faɗuwa ta yi yawa. Wajen rabin ƙarin ƙwaƙwalwa na yara a ramin baya yake fitowa, kuma sau da yawa ana ta maganin ciki saboda aman. A leƙa bayan ido, a yi hoto. Ina roƙon ƙananan likitoci da babbar murya: kada a ɗebi ruwan baya a yaro mai irin waɗannan alamomi kafin hoto. Rage matsi daga ƙasa kan sa gindin ƙaramar ƙwaƙwalwa ya zurma cikin ramin gindin ƙoƙon kai ya danne cibiyar numfashi. Haka yaron da kunnensa ya daɗe yana zubar da mugunya sannan ya fara tangaɗi da zazzaɓi, a nemi ƙurji a ƙaramar ƙwaƙwalwa, don bayan kunne maƙwabcinta ne.

A kuma shirya iyaye kafin tiyata. Wajen ɗaya cikin huɗu na yaran da aka cire wa medulobilastoma, wani ƙari mai tasowa a ƙaramar ƙwaƙwalwa, sukan daina magana kwana ɗaya ko biyu bayan aikin, ga kuka da fushi. Maganar kan dawo cikin makonni ko watanni, amma sau da yawa da saura.

Ɗalibar Likitanci
Hajiya, daina magana da fushi kuma? Ashe ba motsi kaɗai ba ne aikinta.

Likitan Jijiya
Ba shi kaɗai ba ne, ƙanwata. Jeremy Schmahmann ya bayyana a 1998 cewa masu ciwo a ɓangarenta na baya kan samu matsalar tsara aiki, nemo kalma, da daidaita hali, wani ya yi sanyi ƙalau, wani ya rasa kamun kai. A gaya wa iyali, don kada su ɗauka da gangan yake yi.

Na gado a taƙaice: wanda ya faro kafin shekara 25, da karkatar ƙashin baya da ciwon zuciya, a tuna da ataksiyar Friedreich, wadda sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, kuma ta fi cin laka. Akwai wani rukuni mai iri fiye da 40 da ke bin zuriya kai tsaye, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gado. Amma kafin a ce gado ne a auna masu magani: bitamin E, B12, sinadarin tayirod. In kuma ciwon ya ci mutum cikin makonni, musamman mace mai shekaru, a nemi ɓoyayyiyar sankarar mama ko ta ƙwan mahaifa, don garkuwar da jiki ya tayar mata kan afka wa ƙwayoyin Purkinje.

Mai Gashin Ƙashi
Malamai, kada a tashi ba a taɓo gyara ba, don an cika ce wa mutanen nan ba abin da za a yi. Tunda sashen koyon ne ya taɓu, koyo na tafiya a hankali, amma yana yiwuwa. A binciken Winfried Ilg a Jamus a 2009, mutum 16 masu ciwon da ke ci gaba sun yi atisayen daidaita jiki mai tsanani na mako 4, makinsu ya inganta a ma'aunin tsananin ataksiya mai suna SARA, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 40, kuma waɗanda suka ci gaba da yi a gida su suka fi riƙe ribar.

Daga gangar jiki ake farawa. Zama a bakin gado ba jingina, ya miƙa hannu gaba da gefe ya dawo. Sai tashi da zama a hankali, sau 10. Sai tsayuwa a kusurwar ɗaki, bango a baya, kujera a gaba, ƙafafu a buɗe, a riƙa matso da su kwana bayan kwana har su haɗu, sannan ɗaya gaban ɗaya. Sai mayar da nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa, taku gefe, juyawa da ƙananan taku. Dole atisayen ya ɗan girgiza shi, in ya yi sauƙi ba abin da ake koya, amma da mai tsaro a gefen da yake faɗuwa. Minti 20 zuwa 30 kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a mako, don gajiya na ƙara tangaɗi. Wajen cin abinci ya kafa gwiwar hannu a tebur, gaɓoɓin da za su motsa sun ragu. Kofi mai murfi, a cika shi rabi. Keken turawa mai ƙafa huɗu da birki ya fi sanda, domin sanda sai an saita inda za a dasa ta, saitin kuwa shi ne babu.

Nas ta Sashen Gaggawa
Ɗaura nauyi a wuyan hannu fa? Ana yawan ba da shawararsa.

Mai Gashin Ƙashi
Ban goyi bayan a mayar da shi ƙa'ida ba, Sista. A wasu yana rage faɗin karkarwa muddin yana ɗaure, a wasu kuma yana ƙara zarcewa, tunda hannu mai nauyi ya fi wuyar birki, kuma da an kwance shi karkarwar kan ɗan fi ta da. A gwada a lokacin cin abinci kawai, a fara da mara nauyi sosai, a duba ko abincin na isa baki. In bai taimaka ba a ajiye.

Ɗalibar Likitanci
Allah ya saka da alheri. Saura guda: mutum biyu sun samu toshewa mai girma ɗaya, ɗaya ya koma tafiya cikin wata uku, ɗayan bai koma ba. Me ya raba su?

Likitan Jijiya
Ki duba hoton ki ga ko ɓarnar ta tsaya a ɓawo ko ta nutsa ta taɓa curarrun ƙwayoyin ciki, musamman dentet, ko igiyar sama. Ɓawo yana da faɗi, maƙwabta kan karɓi aikin yankin da ya mutu. Curarrun nan kuwa duk amsar da ɓawon ya lissafa ta cikinsu take fita, in sun lalace ba wata ƙofa. Sai ki duba ko kututture ya taɓu, ko an makara wajen sauke kumburi, da kuma ranar da aka fara tashinsa zaune. Mafi yawan dawowar a watanni 3 na farko take faruwa, don haka a turo wa Malam mai gashi shi tun yana kan gadon asibiti, da zarar numfashi da hawan jininsa sun daidaita.